Injin da Armiya'u Maƙeri Ya Rufe a Rumbu

Duk wanda ya taɓa sayen lauje ko gatari a Birnin Tsaba, cikin ƙasar Zurmi, da wuya bai ratsa ta maƙerar Armiya'u ba. Rumfar kara ce a bayan masallacin unguwa, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Ya fara jan zuga-zugi tun kafin a yi masa kaciya, ya riƙe masaba yana ɗan shekara goma sha biyu. A lokacin da wannan abu ya same shi ya ba hamsin baya. Gajere ne kakkaura, ba mai yawan magana ba, kuma hannunsa na dama ya fi na hagu girma, kamar ba na mutum ɗaya ba.

Abu biyu ya gada wurin mahaifinsa: uwar maƙera, da tsoron kayan hukuma. Yana yaro wasu malaman gona suka kawo garmar shanu ta gwaji, suka bar wa tsohon ya riƙa nuna wa manoma. Bakin garmar ya karye. Tsoho ya ga ƙarfe ya karye, shi kuwa maƙeri ne, sai ya sa wuta ya ƙera sabo. Da masu garma suka dawo suka ga ba bakinsu ba ne, aka ce ya cire na asali ya sayar. Kwana shida ya yi a tsare, aka yi masa bulala a gaban mutane. Armiya'u ne ya riƙe kwanon ruwan ɗumi da aka gasa masa baya. Har tsohon ya rasu maganarsa ɗaya ce: in hukuma ta ba ka abu, ka ajiye shi yadda ta ba ka, domin za ta dawo.

Shi ya sa da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, mutane suna ta murna wai gwamnati ta matso kusa, Armiya'u bai ga abin murna a kusantar gwamnati ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa ya yi farin ciki kamar kowa, shi da ba ya caca, bai kuma taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Sai ranar da labari ya iso cewa an yanke wa wani mutum hannu kan satar saniya. Masu jiran aiki suka yi ta maimaita zancen a rumfarsa, wannan ya ce da hankalinsa aka yi, wancan ya ce an sa masa barci. Armiya'u ya ajiye masaba, ya daɗe yana kallon wuyan hannunsa, har ƙarfen da ke kan uwar maƙera ya huce.

Ba a yi wata biyu ba sai ga Tambari, taubashinsa, direban a-kori-kura da ke jigila tsakanin Zurmi da Kaura Namoda. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba tare da tsiya ba.

"Bawana, arziki ya iske ka kana zaune," in ji Tambari. "Gwamnati za ta raba kayan sana'a. Teloli keke, masu niƙa inji, maƙera injin walda. Mai unguwa ya sa sunanka."

"Mi na yi musu?"

"Ji min mutum. Kyauta ce, ko sisi ba ka badawa. So suke ƙananan masu sana'a su tashi."

"Ni ban faɗi ba balle in tashi."

Amma sunan da mai unguwa ya rubuta ba ya gogewa. Aka kwashe su zuwa Kaura, wani fili kusa da tashar jirgin ƙasa, aka yi musu kwana uku ana koya musu aiki da injin. Armiya'u ya tsaya can baya. Wutar ba ta yi masa ba. Babu gawayi, babu zuga, ga shuɗin haske mai tsawa, kuma wai ba a kallonta sai ta cikin baƙin gilashi. Shi kuwa duk aikinsa da ido ne, launin ƙarfe ke gaya masa lokacin duka.

Rana ta uku wani dogon ma'aikaci mai tabarau, Malam Halilu, ya riƙa kiran suna yana karanto abin da ke cikin kowane kwali: inji ɗaya mai shan fetur, waya biyu, baƙin gilashi ɗaya, ƙunshin sandunan walda, safar hannu ta fata guda biyu. Ya kama babban yatsan Armiya'u na dama ya dangwala a tawada, ya danna a takarda.

"Baba, a je a yi aiki da shi, a ci abinci. Ba a sayarwa, ba a ba da aro. Za mu zo mu duba."

Cikin duk maganar nan, ta ƙarshen kawai ta shiga kunnen Armiya'u.

Da motar Tambari ta tsaya a ƙofar gida, mata suka yi guɗa. Tasalla, matar Armiya'u, ta riga ta gama tsara komai a ranta. Ta san yadda manoma ke ɗaukar amalanken shanu da ya karye har Kaura, su kwana biyu a kan hanya saboda ɗinkin ƙarfe na minti goma. Ta san masu gini sun fara son ƙofar ƙarfe. Sai ga maigidanta ya ɗauko sangwami, ƙarfen haƙa, ya nufi tsohon rumbun ƙasa da ke bayan ɗakinta. Ya fasa cikinsa daga gefe, aka tura kwalin ciki ko igiyarsa ba a kwance ba, ya ɗora takardar a sama, ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe.

"Maƙeri, gero muke sa wa rumbu, ba inji ba," in ji Tasalla.

"Nan ne ɓarawo ba ya shiga ba a ji ba."

"To in ba ka yi aiki da shi ba, mi ne amfaninshi?"

"Amfaninshi ranar da sunka zo, su iske shi yadda sunka ba ni."

Damina ta sauka ta ɗauke. Masu amalanke suka yi ta zuwa, yana ce musu injin bai tashi aiki ba tukuna, har suka gaji suka koma bin hanyar Kaura. Kullum da safe kafin ya fita sai ya zagaya rumbun ya shafa yaɓen. Ya ga wata 'yar tsaga da ruwa ya yi, ya liƙe ta, bai kawo komai a ransa ba.

Wata tara ke nan, wata Litinin bayan la'asar, rediyon da ke rataye a rumfa ya karanto sanarwa: kwamiti zai zagaya ƙauyuka ya duba kayan sana'ar da aka raba, kuma duk wanda aka samu ya sayar da nasa ko ya ɓatar, za a kai shi gaban alƙali. Ƙasar Zurmi ranar Talata ta sama.

Armiya'u ya ji wani irin daɗi. Ranar da ya yi wa tanadi ce ta zo. Ya aika aka kira Tambari don ya taya shi fitowa da kayan, ya ɗauki sangwami ya fasa yaɓen.

Wari ne ya fara fitowa. Sannan ɓeraye, manya uku, suka bi ta tsakanin ƙafafunsa. Kwalin babu shi, gara ta mai da shi ƙasa. Takardar da ya dangwala wa yatsa ta zama shimfiɗar 'ya'yan ɓera. Wayoyin nan biyu an gaigaye robarsu wuri-wuri, jan ƙarfe yana leƙowa. Maƙallin da ke bakin ɗayar, ruwan tsagar ya ɗiga masa har ya yi tsatsa ya ƙi buɗewa. Ya laluba ya zaro safar hannu ɗaya, lafiya lau, ta hagu. Ya sake lalubawa. Abin da ya fito da shi wuyan ta dama ne kawai, zoben fata, an cinye yatsu da tafi.

"Af," in ji Tambari, "ɓeraye sun riga alƙali."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya dubi fuskar taubashinsa sai ya daina.

"Wasa nake, bawana. Ɓarnar ɓera ce, kowa ya gani ya sani."

"Babana ma kowa ya gani ya sani."

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. In ya ɗaga masaba sai ya ji kamar aro aka ba shi hannun, kuma mai shi na nan tafe. Yana alwala sai ya tsaya a wuyan hannu yana cuɗawa, har na bayansa su ce a yi sauri. Lissafinsa ɗaya ne: an karanto masa safa biyu, ya sa yatsa, yanzu ɗaya ce. Takardar da za ta ce shi aka ba kayan ma babu.

Ranar Alhamis ya bi motar Tambari zuwa kasuwar Shinkafi, inda aka ce babu abin da ba a samu. Ya wuce kara, ya wuce 'yan hatsi, ya shiga layin tsofaffin ƙarafa. A wata rumfa can ƙurya ya ga inji huɗu a jere, kore shar irin nasa. Inda lambar gwamnati take an goge, kuma ido irin nasa ba ya ɓata sawun magagari.

"Baba, sayarwa ka zo ko saye?" in ji mai rumfar, wani mai jar hula da goro a baki.

"Safa nika nema. Ta dama."

Mutumin ya jawo buhu ya zazzage. Ga su nan tuli, irin tasa sak, har ɗinkin. Armiya'u ya ɗauki ɗaya ya zura hannu. Ta zauna daram. Ƙirjinsa ya saki a karon farko cikin kwana uku.

"Ta wani ce da ya kawo nashi injin makon jiya," in ji mai jar hula. "In naka na nan, kawo shi kafin Talata, zan yi maka mutunci. Ka ce musu an sace."

Nan take ya farga. Abin da ke hannunsa kayan gwamnati ne da aka sayar da gaske. A gida ɓarnar ɓera ya bari, a nan kuwa ya zura hannunsa na dama cikin ainihin abin da ake nema. Ya ɗaga kai ya hango 'yan agaji biyu cikin kaki suna ratsa layin, suna hirarsu, ko kallonsa ba su yi ba. Safar ta maƙale saboda gumi. Ya ja da haƙori ya cire, ya yar a kan buhun, ya fita da sauri ba sallama. Bai tsaya ba sai da ya isa motar Tambari, ya shige gaba ya zauna tun azahar har aka gama lodi.

Da ya dawo gida Tasalla ta ajiye masa tuwo, ya ture.

"Ka tahi wurin liman ka tambaye shi hukuncin," ta ce.

"In na tambaya, na faɗa da bakina ke nan. Kafin magariba gari ya ji."

"To gyara shi."

"Abin da baba ya yi ke nan."

"Baba ya gyara, anka buge shi. Kai ba ka taɓa ba, ga ka nan kwana huɗu ba ka ci ba, kana tafiya kamar wanda anka riga anka yanke. In dai za su kama ka, su kama ka kana maƙeri."

Da gari ya waye ya nemo tsohuwar robar cikin tayar keke, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe wayoyin gaɓa-gaɓa yadda ake naɗe ƙotar gatari. Maƙallin da ya yi tsatsa ya cire shi, ya hura wuta ya ƙera ƙaramin awartaki mai zobe a madadinsa. Yana dukan ƙarfen yana jin muryar mahaifinsa a kowane bugu.

Saura safa. Ya tafi wurin Maiwada baduku da ta hagun a aljihu. Maiwada ya shimfiɗa jar fatar akuya, ya ce ya ɗora hannu ya ware yatsu. Ya zagaye shi da gawayi. Armiya'u ya ɗaga hannu, hoton hannun ya zauna a kan fatar. Sai baduku ya ɗauko wuƙa ya fara daga wuyan hannu. Armiya'u ya tashi ya fita waje ya dafa bango.

"Lafiya, Maƙeri?" Maiwada ya tambaya daga ciki.

"Warin jima ne."

Talata da hantsi farar mota ta tsaya a bakin masallaci. Malam Halilu ne, da ma'aikata biyu, da mai unguwa. Jama'a suka biyo su har ƙofar maƙera, Tambari ma ya ajiye motarsa ya ƙi fita aiki. Armiya'u ya riga ya shimfiɗa tabarma ya jera komai: inji, waya biyu masu naɗin roba, gilashi, sanduna, safa ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ja wur. Ya tsaya a gefe, hannunsa na dama cikin aljihun riga. Bai jira tambaya ba.

"Ranka ya daɗe, ban sayar ba, ban ba da aro ba. A rumbu na aje shi. Ɓera ya ci safa guda da takarda da robar waya. Wanga awartaki ni na ƙera shi, ga na asalin nan ban yar ba. Safar baduku ya ɗinka. Ban ɓoye komi ba. Abin da za a yi min, a dubi Allah a bar min hannun da nika ci da shi."

Malam Halilu ya cire tabarau ya dube shi.

"Wane hannu, Baba?"

"Na ji a rediyo. An ce alƙali."

"Wa ya ce maka Shari'a tana yanke hannu kan ɓarnar ɓera? Ko waɗanda suka sayar ɗin ma ba wannan ne hukuncinsu ba. Da ka tambayi limaminku ai da ya gaya maka."

Daga cikin zauren gidansu da ke daura da maƙerar aka ji Tasalla ta yi gyaran murya.

Armiya'u bai cire hannu daga aljihu ba. Ya ga yadda ake fara magana da taushi a ƙare da igiya. Malam Halilu ya durƙusa ya duba lambar injin, ya duba littafinsa. Ya kwance murfin tanki ya shinshina, ya zura yatsa ya fito da shi a bushe.

"Baba, ba ka taɓa tayar da shi ba?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe. Yadda kunka ba ni."

Ya faɗi haka da ɗan alfahari. Malam Halilu ya miƙe a hankali yana kaɗe gwiwa.

"Wata tara. Akwai masu sana'a da suka yi layi ba su samu ba. Ƙa'idarmu ita ce, kayan da ba a yi aiki da su ba a karɓe a ba wani. Babu alƙali, babu komai. Ku ɗauka."

Ma'aikatan biyu suka sunkuya. To ga mafita ta zo. Abin da ya hana shi barci zai shiga farar mota ya tafi, ya bar shi da zuga-zuginsa da hannuwansa biyu. Armiya'u ya san haka sarai. Amma da suka ɗaga, injin ya ƙi tashi daga tabarma. Suka duba. Wani ƙaton hannu ne ya danne marikin. Shi kansa mai hannun kallonsa yake kamar bai san lokacin da ya fito daga aljihu ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wayar nan ni na naɗe ta."

Malam Halilu ya dubi naɗin, da awartakin, da jar safar.

"To tayar da shi a gabana. In ka ɗinke ƙarfe ya kama, in rubuta yana aiki."

Tambari ya zuƙo fetur daga tankin motarsa, ya kawo baƙin mai a gwangwani, ya sauya 'yar robar mai da ɓera ya huda. Ya nuna ƙofar bayan a-kori-kurar, wadda shekara biyu ke nan da waya ake ɗaure ta.

"Ga majinyaci nan. In ka ƙona min mota, bawana, kai da 'ya'yanka kun zama nawa har abada."

A ja na shida injin ya kama, da ƙarar da ta watsa kaji da yara. Armiya'u ya zura jar safa, ya maƙala awartakinsa a jikin ƙofar, ya ɗaga baƙin gilashi. Duniya ta yi duhu. Ya kai sandar, ta manne. Ya fizge, ya sake kaiwa, ta sake mannewa. Gumi ya cika masa ido. Ya tuna yadda mai koyarwa a Kaura yake yi, kamar mai ƙyasta ashana. Ya ƙyasta. Shuɗiyar wuta ta tashi da tsawa, kuma a cikin duhun gilashin ya ga abin da bai zata ba: ƙarfe yana narkewa, ja, sannan ruwan ɗorawa, launukan da ya sani tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya ja sandar a hankali har ƙarshen karayar.

Ɗinkin ya fito da muni, tsibi-tsibi kamar kashin kaza. Malam Halilu ya jira ya huce, ya sa ƙafa ya doki ƙofar sau biyu. Ba ta motsa ba. Ya buɗe littafi ya yi rubutu, ya yago wata takarda ya miƙa.

"Wannan kar ka sa ta a rumbu, Baba."

Kafin damina ta gaba amalanke sun daina zuwa Kaura daga Birnin Tsaba. Armiya'u ya kafa rumfar kwano a gefen ta kara, ya yi ƙofofin ƙarfe da yawa a garin, ɗinkinsa ya gyaru ko da yake bai taɓa yin kyau ba. Bai bar zuga-zugi ba, ya ce lauje ba ya son wutar fetur. Takardar kuwa Maiwada ya ɗinke masa ita cikin fata kamar laya, tana rataye a wuyansa. An yi masa bayani, liman ma ya ƙara masa, ya ce ya gane. Amma har tsufa ya zaunar da shi, in farar mota ta tsaya a bakin masallaci, sai ka ga ya kashe inji, ya miƙe tsaye, ya sa hannun dama a aljihu har sai ta wuce.